Babi na Biyar: Ruwa Garai-Garai, Kifi Na Mutuwa

Kifi iri biyu ake ajiyewa a gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni. Akwai na falo, wato jajayen kifin zinare da 'yan ƙananan gupi masu baza wutsiya, a cikin akwatin gilashi mai fitila da kumfar iska. Akwai kuma na tsakar gida, tarwada a kwamin siminti ko na tamfol ko a tankin roba da aka yanke wa kai, wadda ake kiwo don tukunya ko don kasuwa. Na farko ado ne, na biyu sana'a ce, amma idan abu ya ɓaci kukan masu su iri ɗaya ne. An kwanta lafiya, an wayi gari biyu sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki. Maigida zai leƙa, ya ga har tsakuwar ƙasa ana ƙirgawa, ya ce ai ruwan garai-garai yake, saboda haka ko dai mai sayarwa ya haɗa shi da marasa lafiya, ko kuwa baki ne ya kama su.

Da wuya a ce ɗaya daga cikin biyun ne. Abubuwan da suka fi kashe kifi a akwati, wato amoniya da naitirait da kulorin da ƙarancin iska, babu mai launi a cikinsu. Koren ruwa mai gansakuka, wanda uwargida ke yamutsa fuska idan ta gani, sau da yawa ya fi wa kifi lafiya a kan wanda aka taro yanzu daga famfo yana ƙyalli. Wanda ya dogara da ido a wannan harka zai yi ta sayen kifi yana jefa wa kyanwa.

Ruwan ina ne?

Littattafan kiwon kifin ado da ake rubutawa a Turai da Amurka suna ɗauka cewa ruwan gida ɗaya ne, na jiya shi ne na gobe. A Kano ba haka abin yake ba. Gida ɗaya a Darmanawa ko Unguwa Uku zai iya amfani da ruwan famfo a wannan mako, na burtsatsen maƙwabci a mako mai zuwa, ranar da babu wutar da za a tayar da inji kuma a kira mai garuwa. Mutum ba ya jin bambanci sosai. Kifi kuwa a ciki yake numfashi, don haka tambayar farko idan ya rikice ita ce: wane ruwa aka zuba masa na ƙarshe?

Ruwan famfo na birnin yana fitowa ne daga matatun Hukumar Ruwa ta Jihar Kano, irin su ta Challawa, wadda asalinta ya koma farkon shekarun 1930, da ta Tamburawa da ke bakin Kogin Kano a kan hanyar Zariya, wadda aka gina sabon ɓangarenta don tace lita miliyan 150 a rana. Aikin matata shi ne ta kashe ƙwayoyin cuta, kuma da kulorin take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a samu ragowar kulorin kamar miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo. Wannan rahama ce ga ɗan Adam, amma ƙasa da miligiram 0.1 ma ya isa ya ƙona mashaƙar kifi, wato jajayen zaren nan da ke ƙarƙashin murfin kumatunsa. Ranar da famfo ya kawo bayan dogon ɗaukewa, aka yi murna aka cika komai har da akwatin kifi, ranar ce aka fi yin asara. Maganin ba shi da tsada: a tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana ɗaya ko biyu, in da hali da famfon iska a ciki, kulorin zai fice. A wasu biranen duniya ana haɗa kulorin da amoniya don ya daɗe a cikin bututu, kuma irin wannan ajiyewa ba ta korar sa. Shi ya sa ɗigon maganin kashe kulorin na kwalba ya fi tabbas. A kuma tuna da WaterGuard da ake ɗiga wa ruwan sha, da kulorin da ake zuba wa rijiyoyi lokacin da amai da gudawa ya ɓarke. Duk abu ɗaya ne a wurin kifi.

Ruwan burtsatse ba shi da kulorin, shi ya sa masu kiwon tarwada ke son sa. Amma ruwa ne da ya daɗe a cikin tsagin dutse a ƙarƙashin ƙasa, bai haɗu da sarari ba, don haka yana fitowa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon. Idan aka auna shi yana fitowa, zai karkata ga tsami. Idan ya kwana a baho ya sha iska, sai tsamin ya ragu. Wasu burtsatsen kuma suna da sinadarin ƙarfe: ruwan zai fito fari tas, bayan 'yan sa'o'i ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ya bar jan kwantai a gindin bokiti. Gara wannan tsatsa ta kwanta a baho da ta kwanta a mashaƙar kifi. Sai batun tankin da ke saman gini. Baƙin tankin roba da ya wuni a ranar watan Afrilu yana sauko da ruwan da hannu ma ke gudu, kuma akwai masu juye shi kai tsaye a kan kifi da la'asar.

Ruwan garuwa shi ne wanda ba a san asalinsa ba. Yau daga wannan burtsatse, gobe daga waccan rijiya, a jarkoki masu lita 25 waɗanda yawancinsu man girki suka fara ɗauka. Rijiya marar zurfi a unguwa mai cunkoso, inda masai da sokawe ke kusa, takan ɗauki wani sinadari da ake kira naitiret mai yawa tun daga tushe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 50 a lita, kuma mai akwati yana ƙoƙarin tsayar da nasa ƙasa da haka. Idan ruwan da ake canjin da shi ya riga ya zarce, canjin ba zai rage komai ba. Ruwan leda kuwa, ban da tsada, tun da jaka guda lita 10 ce kacal, wasu masana'antun suna tace shi har ya rasa gishirin ma'adinan da ke riƙe ma'aunin ruwa, sai tsami ya yi ta hawa da sauka a akwatin.

Abu biyu na kicin da ya kamata su yi nesa da kifi: alif da kanwa. Alif yana kwantar da dauɗar ruwa, gaskiya ne, amma yana jan sa zuwa tsami. Kanwa kuma tana cilla shi ɗaya ɓangaren, kuma nan gaba kaɗan za a ga abin da ya sa wannan ya fi haɗari.

Gubar da kifi ke yi wa kansa

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajin da ya yi: kifin zinare biyu da ciyawar ruwa a tulun gilashi, ba tare da canjin ruwa ba. Da farko abin ya tafi daidai, sai tsofaffin ganyaye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace. Ya zuba dodon koɗi suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya daidaita. Daga nan aka fahimci cewa akwatin kifi yana rayuwa ne da ma'aikatan da ke kwashe shara. Abin da Warington bai gani ba shi ne cewa manyan ma'aikatan sun fi dodon koɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai a 1890 Sergei Winogradsky, ɗan ƙasar Rasha, ya ware bakteriyar da ke wannan aiki.

Ga yadda abin yake. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawa ta mashaƙarsa, saura ta kashi. Abincin da ya rage ya ruɓe shi ma amoniya yake zama. Wani rukunin bakteriya yana mai da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu ya mai da naitirait naitiret, wanda kifi ke iya jurewa har a zo canjin ruwa. Shekara da shekaru littattafai suna cewa Nitrobacter ce ke aikin na biyu, har sai da Timothy Hovanec da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna a 1998 cewa a akwatin ruwan daɗi Nitrospira ce ke riƙe da shi. Sunan bai dami mai kifi ba. Abin da ya dame shi shi ne waɗannan halittu ba sa yawo a cikin ruwa. Manne suke a jikin soson matatar akwati da tsakuwa da bangon gilashi, kuma suna da nawar haihuwa. Sabon akwati yana bukatar mako 4 zuwa 6 kafin su cika shi.

Wannan ya bayyana mutuwar da ta fi kowacce yawa, ta sati na biyu. An sayo akwati da kifi goma rana ɗaya, yara suna murna, kowa ya wuce sai ya barbaɗa abinci. Lissafin masu kiwo ya nuna kilo ɗaya na abincin kifi yana haifar da kimanin giram 30 na amoniya. Ke nan giram ɗaya tak, ɗan abin da yatsu uku za su ɗebo, zai sa kusan miligiram 0.6 a kowace lita a akwati mai lita 50, alhali abin da ake so a gani shi ne sifili. A tankin tarwada mai lita 1,000 da ake ba kilo guda a rana, lissafin ya kai miligiram 30 a lita idan ba a zubar da ruwa ba. Shi ya sa mai tarwada ba ya rabuwa da buɗe bututu, kuma shi ya sa maƙwabta ke ƙorafin warin kwata.

A nan zafin Kano da kanwa suke shigowa. Amoniya a ruwa kashi biyu ce, mai dafi da marar dafi sosai, kuma ma'aunin pH da zafi ne ke raba su. Ma'aunin nan 7 ne tsakiyarsa; ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa. A pH 7 da zafin digiri 25, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ta haura kashi 5. Idan zafin ya kai digiri 30 a pH 8 ɗin, ta wuce kashi 7. A pH 9 ta zarce kashi ɗaya bisa uku. Amoniyar da kifi ya jure jiya za ta iya kashe shi yau don kawai wani abu ya ɗaga ma'aunin: ɗan ƙullin kanwa, ko fararen duwatsun ado masu alli, ko sabon kwamin siminti da ba a jiƙa an zubar sau da yawa ba kafin a sa kifi. Dutsen da aka ɗiga wa ruwan khal ya yi kumfa, bai dace da akwati ba.

Naitirait kuma jini yake kamawa, ya hana shi ɗaukar oksijin, har mashaƙar ta koma ruwan ƙasa maimakon ja. Kifin zai yi ta haki ko da famfon iska na aiki. A nan ne kawai gishirin girki yake da aiki na gaske: ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 100 yana tare wa naitirait hanyar shiga jiki, kafin bakteriya su kama aiki. Gishiri ba ya rage amoniya, kuma watsa shi da hannu ba awo, kamar yadda wasu ke yi duk lokacin da kifi ya yi sanyi, ƙarin wahala ne.

Kuskuren da ya fi ban tausayi na masu tsafta ne. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake zaman gida don tsaftar muhalli, sai a kwashe kifi a zuba a roba, a juye ruwan duka, a wanke gilashi da tsakuwa da soso da omo, a shanya a rana, a cika da sabon ruwa. Akwatin ya yi kyau kamar ranar da aka sayo shi, kuma a haƙiƙa ya koma ranar: babu bakteriya ko ɗaya. Bayan kwana goma kifi ya fara mutuwa, sai a ce dauɗa ce, a sake wankewa. Soson matata ba a wanke shi da sabulu ko ruwan famfo. A matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a mayar yana nan da launinsa na ƙasa-ƙasa. Mai kafa sabon akwati kuma ya roƙi guntun tsohon soso daga wanda nasa ya daɗe lafiya, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama ta zama kindirmo. Hakan yana rage jiran makonni sosai. Farin hazo da ke tashi a sabon akwati a kwanakin farko wasu bakteriya ne daban ke yaɗuwa. A rage abinci a ƙyale shi, zai washe da kansa.

Wuta, bazara da hunturu

Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita. A digiri 30 ya sauko wajen 7.6, a 35 ya koma wajen 7, kuma da yake Kano tana kan tudu na kusan mita 480 sama da teku, ana ƙara rage wani abu. A daidai lokacin kuma jikin kifi yana ƙara gudu da zafi, yana neman iska fiye da da. Kifin zinare, wanda aka fara kiwo a ƙasar Sin fiye da shekara dubu da suka wuce, ɗan ruwan sanyi ne, ya fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Falon da ke kallon yamma a Tarauni a watan Afrilu ko Mayu, ana zafin digiri 40 a waje, ba wurinsa ba ne. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a inda karfasa za ta mutu. Amma juriya daban, girma daban, kuma tarwadar da ke fama da mugun ruwa ci take ba ta ƙiba.

Iska ta saman ruwa take shiga, don haka faɗin fuskar akwati ya fi zurfinsa muhimmanci. Ƙwaryar gilashin nan mai ƙaramin baki da ake bayarwa kyauta ranar biki ita ce mafi munin mazauni. Majalisar birnin Rum ta hana ajiye kifi a cikinta tun 2005.

Idan aka ɗauke wuta, abu biyu ke tsayawa tare: kumfar iska da ruwan da ke ratsa matata. Bakteriyar ma oksijin suke shaƙa. Rufaffiyar matata da ta yi sa'o'i da yawa a tsaye takan ruɓe a ciki, wuta na dawowa ta feso ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A yanayin Kano matatar soso mai aiki da famfon iska ta fi dacewa, don tana cikin ruwan akwatin, kuma ƙaramin famfo mai igiyar USB zai kwana yana aiki da fawa-bank irin wanda ke cike a kasuwar waya ta Farm Centre. Idan babu, a ɗebi ruwan da moɗa a riƙa kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kada a ba da abinci sai wuta ta dawo. Kifi lafiyayye yana kwana uku bai ci ba, babu abin da zai same shi. Mai koren ruwa ya ƙara kula: gansakuka da rana tana ba da oksijin, da dare tana sha, shi ya sa mutuwar irin wannan ruwa take zuwa da asuba.

Hunturu nasa salon daban ne. A Disamba da Janairu dare yakan sauko ƙasa da digiri 15, rana ta yi ɗumi, kuma ƙaramin akwati yana bin wannan hawa da sauka. Gupi da sauran kifin ƙasashen zafi sukan raunana, sai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri su feso musu a jiki da fukafukai, suna goga jiki da duwatsu. Ƙwayar cuta ce mai rai, amma sanyi ne ya buɗe mata ƙofa. Busasshiyar iska kuma tana shanye ruwa da sauri, kuma ruwa zalla take ɗauka, ta bar naitiret da gishiri a baya. Mai cikowa kawai ba ya ɗiba, dauɗa yake tarawa.

Akwai kuma abin da ke shigowa ta sama. Maganin sauro na fesawa da igiyar leƙo yawanci suna ɗauke da sinadaran da ke da mugun dafi ga kifi, fiya-fiya kuwa ba a magana. Famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ne ya tura cikin ruwa. Kafin a yi feshi a kashe shi, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, sai ɗaki ya sha iska a buɗe. Turaren wuta ma a yi nesa da shi, haka hannun da aka shafa wa mai ko turare.

Ranar da abu ya ɓaci

Idan kifi ya taru a sama yana haki, ko ya maƙale fukafukai ya koma lungu, ko ya ƙi abinci, jerin aikin ba ya canzawa. A tsayar da abinci. A ƙara iska. A taɓa ruwan, ko a duba ma'aunin zafi. A ɗebe kashi ɗaya bisa uku, har zuwa rabi idan abin ya yi tsanani, a mayar da ruwan da ya kwana wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki, a hankali. A duba ko akwai mataccen kifi a bayan dutse. Sannan a zauna a tuna abin da ya canja a kwana ukun da suka wuce: sabon ruwa, sabon kifi, sabon dutse, wanki, feshi, ko baƙin da yaransu suka samu gwangwanin abinci.

Magani shi ne na ƙarshe, amma a aikace shi ake fara kawowa. Ana fasa kafson tetirasaikilin a juye a ruwa, ana matsa shuwaka, ana zuba shuɗin magani har kifi ya ɓace a ciki. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cire amoniya, kuma kafso da shuɗin maganin suna iya kashe bakteriyar matata, su mai da ƙaramar matsala babba. Idan an tabbatar cuta ce, a ware marar lafiyan a wani mazubi a yi masa magani a can.

Abin da ya rage shi ne awo. Kayan gwajin amoniya da naitirait da pH, na ɗigo ko na tsinken takarda, kuɗinsu bai kai na kifin da ake asara a wata biyu ba, kuma ana samun su a wurin masu sayar da kayan kiwon kifi ko ta intanet. Mai karatu da ke shirin sayen akwati ya sayi kayan gwajin tare da shi, ya auna ruwan gidansa tun kafin kifi ya shigo, ya ware bokiti ɗaya da omo bai taɓa shiga ba, ya fara da kifi biyu ko uku, kuma ya riƙa canja rubu'in ruwan duk mako.